Godiya, Kafin Ki Cire Brekar Obin ɗin Nan

Yelwa, Jalingo.

Zuwa ga ɗiyata Godiya,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ko kin buɗe ta a cikin mota, ko sai kin sauka Gombe kin sha ruwa kin huta. Allah Ya tsare hanya, Ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Za ki ce Baba da abin mamaki yake, muna gida ɗaya, muna cin tuwo a tabarma ɗaya, sai kuma ya koma rubuta mini wasiƙa. Dalilin shi ne ni da ke ba mu iya doguwar magana ba. Da na ce "Godiya, ki lura da kaza," sai ki ce "Baba na sani, an koya mana a makaranta." Ni kuma sai zuciya ta ɗebe ni, mu ƙare da musu a kan launin waya, Mamanki tana gefe tana yi mana dariya. Takarda dai ba za ki katse ta ba, sai dai ki ninke ta ki sa a aljihu.

Ranar da mai gidan burodin da ya ɗauke ki aiki ya kira ki, ina tsakar gida ina kwance wata fanka, ke kuma kin buɗe muryar wayar, don haka kada ki ce na yi miki laɓe. Na ji ya ce, "Injiniya, babban obin ɗinmu kullum sai ya faɗar da breka. Kina zuwa, abu na farko ki cire mana ita ki sa babba, mu huta." Kika ce, "To ranka ya daɗe, in na zo zan duba." Amsa ce mai kyau. Amma na ga fuskarki bayan kin ajiye wayar. Aikinki na farko ne, kin daɗe kina nema, kuma ke mace ce a sana'ar da in mace ta shigo da jakar kayan aiki ake kallonta kamar ta yi ɓatan hanya. Na san za ki so ki burge shi tun ranar farko. Tsorona shi ne ya matsa miki, ki ga kamar aikin zai kuɓuce, ki yi masa abin da ya ce. Ni na taɓa yi wa wani mai gidan burodi irin wannan biyayya, kuma kin san hannun Mamanki na dama.

Ba wani sirri zan tona miki ba. Duk layinmu an san wuta ce ta ja ta a gidan burodin Alhaji Bappa, an kuma san ni ne mai gyaran wutar wurin. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na taka a hankali har na kai can, domin lokacin kina firamare, damuwarki ba ta wuce a ba ki gefen burodi mai zafi ba.

Alhaji Bappa ya yi shekaru yana gasa burodi da murhun bulo na itace a bayan layinmu. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya sayo obin na lantarki, ƙato, mai hawa uku, kowane hawa da ƙarafan zafinsa sama da ƙasa, waɗanda muke kira elemen. Ma'aikatansa dai su ne na da, Iliya shi ne babbansu, Mamanki kuma tana wanke gwangwanayen burodi tana sa shi a leda. Ba a daɗe da fara aiki da obin ɗin ba breka ta soma faɗuwa tana yanke masa wuta, aka aiko a kira ni.

Zuwana na farko ko jakata ban buɗe ba. Na je da rana bayan sun tashi aiki, na ɗaga breka, na kunna obin, ya kama, ya yi zafi lafiya lau. Na riƙe ƙugu na ce, "Alhaji, wutar gari ce ta yi rawa, ba komai." Ya ba ni burodi biyu na dawo gida ina jin kaina gwani. Ban tambayi kowa komai ba.

Ke kada ki fara da sukudireba, ki fara da baki. Breka ba ta faɗuwa don nishaɗi, kuma lokacin da take faɗuwa shi ne rabin amsar. In ana kunnawa take faɗuwa nan take, har da ƙara, to wayoyi ne suka haɗu a wani wuri, ko wani elemen ya fashe ya taɓa jikin ƙarfe. In sai obin ya ɗau zafi tukuna, ki yi zargin elemen da rufinsa na ciki ya gaji, wanda yake lafiya da sanyi amma ya buɗe da zafi, ko kuma wata mahaɗa da ta saki tana ƙona kanta. In sai fanka ta tashi, ki je wajen motar fankar. In kuwa sai an kunna duk hawa ukun tare da injin kwaɓa fulawa, wataƙila kaya ne suka yi wa layin yawa, sai ki sa mita ki auna abin da ake ja, ki kwatanta da ƙarfin breka da kaurin waya. Duk wannan ba za ki same shi a jikin obin ba, yana bakin mutanen da suke tsaye a gabansa tun safe. Ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, har da mai shara, kuma kada ki tambaye su a gaban oga, domin a gabansa kowa zai ce bai ga komai ba.

Akwai kuma abin da ya kamata in lura da shi tun ranar, ban lura ba. A allon wutar Alhaji breka biyu ne a kan layin obin. Ɗaya ta kullum ce, wadda take faɗuwa in kaya sun yi yawa ko wayoyi sun haɗu, aikinta ta hana waya kamawa da wuta. Ɗayar ita ce mai jin yoyo, mai ɗan maɓallin gwaji a goshi, wadda in wuta ta ɓalle daga hanyarta ko kaɗan ta bi jikin ƙarfe ko ruwa ko mutum, sai ta yanke. Ta farko gida take tsarewa, ta biyun rai. Ma'aikatan kan ɗaga duk wadda suka gani a ƙasa su ci gaba da aiki, ni kuma sai da na yi zuwa da yawa kafin ya faɗo mini in ce su bar ta yadda take har in zo. Ashe mai jin yoyon ce take faɗuwa kullum. Kina isa Gombe ki fara sanin wannan, wacce ce a cikinsu.

Da na gane yoyo ne sai na ce shi ke nan, elemen ne. Na kwance bayan obin, na duba su da ido, na ga ɗaya ya fi sauran baƙi, na yanke masa hukunci. Na sa Alhaji ya aika aka kawo sabo daga nesa, na ɗaura. Washegari breka ta faɗi. Ban manta kallon da Iliya ya yi mini ba, ya dai ci gaba da shafa wa gwangwani mai.

Ido ba ya ganin yoyon wuta, ɗiyata. Ƙaramar mitar da nake yawo da ita ma ba ta gani, za ta ce miki lafiya lau alhali ba lafiya. Sai mega, wadda take tura wuta mai ƙarfi ta gwada rufin, kuma ke kin fi ni iya ta, wannan na yarda ko da ba a gabanki ba. Ki kashe wuta daga allo, ki rufe allon, makullin ya kwana a aljihunki ba a hannun kowa ba, domin a gidan burodi kullum akwai mai taimako da zai ga breka a ƙasa ya ɗaga miki ita don alheri. Ki gwada ki tabbata babu wuta kafin ki sa hannu. Sannan ki raba elemen ɗin, ki cire wayoyin kowanne, ki gwada shi shi kaɗai tsakaninsa da jikin obin. Ki gwada da sanyi, ki sake gwadawa yana da sauran zafi. Fanka, fitilar ciki, na'urar da take daidaita zafi, kowanne ki ware shi ki ji ta bakinsa. Aiki ne mai cin lokaci, ga oga a tsaye a kanki yana duba agogo, amma ki yi kamar ba ki gan shi ba.

A wani zuwan na sami abin da ya faranta mini rai. Can ƙasa a lungun obin ɓera ya yi gida, ya ci rigar wata waya, ga kuma wata mahaɗa da ta saki har ta yi baƙi. Inda fulawa take ai ɓera ba ya rasa dangi. Na gyara, na ɗaure, na share garin fulawa da maiƙon da suka daskare a wurin, na fito da gawar wayar ina nuna wa kowa kamar mafarauci. Matsala ce ta gaske, kuma gyaranta ya zama dole. Sai dai ba ita ce take faɗar da breka ba. Na yi murna da wuri, na tattara kayana, ban tsaya na ga an gasa ko zubi ɗaya ba. In kin sami laifi ɗaya kada ki ɗauka kin gama, obin ɗin da ya shekara yana aiki yana iya ɗauke da laifi uku a lokaci guda. Gyara bai ƙare ba sai kin tsaya an yi cikakken aiki a gabanki, daga kwaɓi har fitar burodi.

Haka muka yi ta yi har makon Kirsimeti ya zo, lokacin da duk garin nan yake neman burodi. Na iso da safe na tarar da masu keke sun yi layi a ƙofa, masu shayi daga Kasuwar Jalingo suna ta faɗa, kwaɓi ya kumbura yana zubowa daga gwangwanaye, breka kuma ta faɗi. Alhaji Bappa mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya kama hannuna ya ja ni gefe ya ce, "Bulus, useni, don Allah ka taimake ni. Wannan abu ƙarami shi ne yana kashe ni. Ka cire shi ka sa babba, bayan biki sai ka duba a hankali." Da zagina ya yi da na iya ƙi. Roƙo ya yi, a gaban mutane, kuma ni na gaji da jin kunyar zuwa ina komawa ba sakamako. Na ce a raina ai na gwada komai ban ga komai ba, wataƙila brekar ce ta lalace. Na cire mai jin yoyon, na sa babbar breka ta kullum a gurbinta. Obin ya kama, bai sake tsayawa ba. Har tafi aka yi mini.

Akwai abu ɗaya da zai iya rufa mini asiri a ranar, shi ne wayar ƙasa, wadda take ɗaure da jikin obin ta fita bayan gini ta shiga ƙasa. Na gan ta a ɗaure a jikin obin, kore da ruwan ɗorawa, sai na ɗauka tana nan har ƙarshenta. Ban zaga baya ba. Ashe tun da damina, da masu haƙar kwata suka yi aiki a bayan ginin, sun datse ta da diga suka mayar da ƙasa suka rufe. Wayar ƙasa ba a yarda da ita don an ga kanta, ki bi ta da ƙafa har inda ta nutse, sannan ki auna ta.

Ina unguwar Turaki ina ja wa wani gida waya aka kira ni. Abin da ya faru, kamar yadda aka faɗa mini, Mamanki ta fito daga wajen wanki, hannu a jiƙe, ta cire silifas saboda santsi, ta kama marfin hawan ƙasa za ta buɗe wa Iliya. Hannun ya manne. Ba ta iya ko ihu ba. Iliya ne ya waiwayo ya ga tana karkarwa, ya ɗauki dogon katakon nan da suke zaro burodi da shi tun zamanin murhun itace, ya doke hannun da ƙarfinsa. Allah Ya sa katakon yana kusa da shi. Da na isa asibiti na same ta a kwance, idonta biyu, hannun a naɗe. Tana ganina ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na fita waje na zauna a bakin baranda na yi kuka kamar yaro, ban damu da masu wucewa ba.

Bayan an sallame ta na koma gidan burodin. Na haƙo wayar ƙasa na haɗa ta, na mayar da breka mai jin yoyo, sabuwa, domin har lokacin ina zargin tsohuwar. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun zuwan farko. Na zo da sassafe tare da ma'aikata, na sami buhun fulawa na zauna, na sa hannuwana a aljihu, na ce kowa ya yi aikinsa kamar ba na nan.

Aka kunna obin, ya yi zafi, ba abin da ya faru. Aka jera burodi. Sai na ga Iliya ya ɗauki kofi, ya kamfato ruwa a bokiti, ya buɗe marfi, ya watsa shi can ciki, ya rufe da sauri. Tururi ya tashi. Ya yi wa hawa na biyu haka, ya yi wa na uku.

Na ce, "Iliya, me ka yi yanzu?"

Ya ce, "Ruwa ne, oga. Haka muna yi tun na itace. In ba ruwa, burodi ba zai yi ƙyalli ba, bayanshi zai tsage."

Ba a jima ba muka ji ƙas daga allo. Na kashe komai, na kwance bayan obin tun yana da zafi, abin da ban taɓa yi ba. Audugar da take rufe jikinsa a jiƙe take sharkaf, ruwa yana ɗiga daga ramin da elemen suke fitowa, daidai kan mahaɗar wayoyi. Murhun bulo yana shanye ruwa, shi ya sa suka saba. Wannan kuwa ƙarfe ne, abin da bai zama tururi ba sai ya gangara baya. In na zo da rana zafin obin ya riga ya busar da komai, sai in gwada in ga lafiya. Wata da watanni ina zuwa duba mara lafiya a daidai lokacin da zazzaɓinsa ya sauka.

Ban ga laifin Iliya ba, har yau ban gani ba. Ba wanda ya gaya masa sabon obin ba ya son abin da tsohon yake so, kuma shi ya ceci matata. Gyaran ma bai da wuya. Na busar da wurin, na canza audugar, na toshe ramin da abin da yake jure zafi, muka sama musu faranti mai zurfi da za su riƙa zuba ruwan a ciki su tura shi tare da burodi. Burodin Alhaji bai daina ƙyalli ba.

Da na dawo gida ina ba Mamanki labari, ina cewa wai ashe ruwa suke watsawa, sai ta dube ni ta ce, "Ai kullum suna yi. Ni ne ma ina ɗebo musu ruwan." Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ta ce, "Ni na san ruwan burodi yana da magana da waya? Kai kuma ba ka tambaye ni ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ƙoƙarin kama cokali ne da hannun hagu. Duk watannin nan amsar tana zaune a gabana muna cin abinci tare.

Ban ce obin ɗin Gombe ruwa ne matsalarsa ba. Wataƙila elemen ne, wataƙila fanka, wataƙila ma brekar ce da gaske ta tsufa, wannan yana faruwa. Amma ita ce ta ƙarshe da za ki zarga, bayan kin wanke kowa, kuma in za ki canza ta ki sa irinta daidai ƙarfinta, ba wadda ta fi waya ƙarfi ba. Ki ce wa ogan naki, cikin ladabi, ya ba ki safiya ɗaya ki zauna ki ga yadda ake aiki. Ki gaya masa brekar ba gaba take yi da shi ba, wani abu take gani wanda ba a gano ba tukuna. Yawancin masu gida in aka yi musu bayani a natse suna ji, ba mugaye ba ne, burodinsu ne yake lalacewa. Ki kula da mai roƙo fiye da mai tsawa, shi ne ya fi wuyar ƙi.

In kuma ya kafe, ya ce ko ki cire ko ki ajiye masa makullinsa, to ki ajiye. Na san abin da nake cewa ba ƙarami ba ne, na ga yadda kika sha wahala kafin ki sami wannan aiki, kuma na san za ki ji kunyar dawowa unguwa bayan an yi miki rakiya. Ni zan tare ki a tasha, in ɗauko jakar da kaina mu bi ta tsakiyar layi. Na karanta wa Mamanki wannan wurin, ta ce in ƙara miki nata, ga shi yadda ta faɗa: "Ka gaya wa yarinyan nan, in oga ya ce dole, Godiya ya kwaso kayanshi ya dawo. Tuwo bai ƙare a gidan nan ba."

A ƙasan jakarki, a cikin tsohuwar safata, za ki ga wani abu mai ɗan nauyi. Brekar da na cire a gidan Alhaji Bappa ce. Daga baya na gwada ta a kan benci, na sake gwadawa, ina fatan in sami laifinta ko kaɗan ne, in ji sauƙi. Lafiyarta ƙalau, har yau. Ba don ki ɗaura ta a ko'ina na ba ki ba, ta tsufa. Ki ajiye ta a cikin kayan aikinki inda hannunki zai riƙa cin karo da ita in kina neman filaya.

Ƙullin yaji da dakakkiyar kuka da suke gefenta Mamanki ce ta ɗaura. Na ce ta kawo in ɗaure mata, ta ƙi, ta ce kayan ɗiyarta ne. In kin ga bakin ledar da alamar haƙori kada ki yi mamaki, da haƙori take ja, tun da yatsun nan biyu ba sa lanƙwasawa. A gidan burodin da za ki ma akwai wata mai wanke gwangwani da za ta kama marfin obin da jiƙaƙƙen hannu, ba ta san sunanki ba tukuna.

Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare hannuwanki, Ya tsare hannuwan duk wanda zai taɓa abin da kika gyara. Ya ba ki haƙurin tambaya da ƙarfin cewa a'a. Ki kira mu da zarar kin sauka, Mamanki ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki.

Ni ne mahaifinki,
Bulus.